Shin shayarwar dare ce ke ɓata wa yaro haƙora?

Maman Abba, Ƙofar Marusa, Katsina

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina neman shawarar masana da kuma iyaye mata waɗanda suka riga ni ganin irin wannan lamari. Ɗana na biyu yana da wata 15, haƙoransa 8, huɗu a sama huɗu a ƙasa, kuma har yanzu yana shan nono dare da rana. Da rana yana cin abinci gwargwado, kunun gyaɗa da safe, ɗan tuwo ko shinkafa da wake da rana, wani lokaci da ƙwai. Matsalar tana ga dare, domin ba ya barci sai da nono a baki, da zarar na zare kuma sai ya farka ya fara kuka har ya tashi yayarsa, saboda haka yawancin dare haka muke kwana, yana tsotsa yana gyangyaɗi har ni ma barci ya ɗauke ni.

A makon jiya ina yi masa wanka na ɗaga leɓensa na sama, sai na ga wani farin zane a gindin haƙoransa biyu na gaba, daidai bakin dasashi, kamar an ja da alli. Na goga da tsumma bai fita ba. A jikin ɗaya daga cikinsu kuma akwai ɗan ɗigo mai ruwan ƙasa-ƙasa. Ba ya nuna alamar ciwo, yana cin abincinsa yana wasansa.

Wata maƙwabciyata, wadda 'yarta ta yi cin zuma har haƙoranta na gaba suka guntule tun ba ta shiga makaranta ba, ta ce da ni nonon dare ne, in gaggauta yaye shi tun abin bai yi nisa ba. Surukata kuwa ta ce ita ta shayar da 'ya'ya tara, kowannensu da nono a baki ya kwana har aka yaye shi, babu wanda haƙorinsa ya ruɓe, kuma ko ma sun ruɓe ai haƙoran yarinta ne, zubewa za su yi wasu su fito. Maigida bai goyi bayan yaye ba, ya fi son yaron ya cika shekara 2, ni ma abin da zuciyata ta fi so ke nan, amma ba na son in zama sanadin lalacewar bakin ɗana.

Don Allah ina so in sani, shin nonon uwa da kansa yana ruɓar da haƙori? Wannan farin zanen da na gani farkon ruɓewa ne, kuma yana warkewa? Idan yaye shi ne mafita zan daure in yi, idan kuma akwai wata hanya ina roƙon a yi mini bayani dalla-dalla. Allah ya saka da alheri.

Likitan haƙori, Katsina

Wa alaikumus salam, Maman Abba. Ba zan iya yanke hukunci a kan haƙorin da ban gani da idona ba, amma yadda kika siffanta shi, wato farin zane marar sheƙi a gindin haƙoran gaba na sama, ya yi daidai da matakin farko na ruɓewar haƙorin yara. Akwai kuma yaran da haƙoransu ke fitowa da tabo tun asali saboda ɓawon haƙorin bai yi ƙwari ba, musamman waɗanda aka haifa bakwaini ko suka yi fama da rashin lafiya suna jarirai, kuma duban likita ne ke rarrabe tsakanin biyun. Ko wanne ne, shawarata ta farko ita ce ki kai shi sashen haƙori cikin makon nan ko na gaba, ko a Babban Asibitin Katsina ko a Asibitin Koyarwa na Tarayya, kada ki jira sai ya fara kuka da shi. Farin zane ana iya tsayar da shi, ɓawon ya sake ƙarfi idan aka shafa masa maganin fuloraid, wato sinadarin da ke ƙarfafa ɓawon haƙori, aka kuma gyara tsafta, amma da zarar ya zama kogo to ba ya cikewa da kansa.

Game da tambayarki ta asali, maƙwabciyarki da surukarki kowace ta riƙe wani yanki na gaskiya. Babu tsutsa a cikin haƙori, duk da cewa haka muka taso muna ji. Abin da ke akwai ƙwayoyin cuta ne da ido ba ya gani, mafi shahara a cikinsu ana kiranta Streptococcus mutans, suna zaune a cikin dauɗar nan mai yauƙi da ke manne wa haƙori. Duk lokacin da zaƙi ya shiga baki sai su ci, su fitar da wani ruwa mai tsami wanda ke narkar da ɓawon haƙori a hankali. Yawu shi ne mai gyara, domin yana wanke bakin, yana kashe tsamin, yana kuma mayar wa haƙori ma'adinan da ya rasa. To idan mutum ya yi barci yawu yana raguwa ƙwarai, shi ya sa abin da ya kwana a baki ya fi wanda aka sha da rana yin ɓarna. Dalilin da ya sa haƙoran sama ke fara lalacewa kuwa shi ne, lokacin tsotso harshe yana rufe na ƙasa, kuma yawun da ke fitowa daga ƙarƙashin harshe yana wanke su, na sama kuma su ne ke jiƙe da abin da ake sha.

Nonon uwa yana da nasa sukarin, wanda ake kira laktos, kusan kashi 7 cikin 100, ya ma ɗara na nonon saniya. Sai dai wannan sukari bai kai sukarin shayi da alawa saurin zama tsami ba, kuma nonon yana ɗauke da sinadaran kariya. Wani nazari da aka wallafa a 2015, wanda ya tattara binciken da aka yi a ƙasashe da dama, ya gano cewa shayarwa a cikin wata 12 na farko tana rage haɗarin ruɓewar haƙori, amma yaran da aka ci gaba da shayarwa bayan shekara guda haɗarinsu ya ƙaru, kuma ya fi ƙaruwa ga waɗanda ke sha da dare ko suke sha a kai a kai. Jerin rahotannin da mujallar The Lancet ta fitar a 2016 a kan shayarwa, wanda ya yaba amfaninta ta kowace fuska, ya ambaci ruɓewar haƙori a matsayin illa guda ɗaya da aka danganta da doguwar shayarwa, kuma shawarar da ta biyo baya ita ce a kula da tsaftar baki, ba a ce a daina shayarwa ba. Haka kuma wani bincike da ya bi yara fiye da 1,000 a birnin Pelotas na ƙasar Barazil, aka wallafa shi a 2017, ya samu cewa waɗanda suka sha nono wata 24 ko fiye sun ninka sauran fiye da sau biyu wajen haɗarin mummunar ruɓewa, amma waɗanda suka sha tsakanin wata 13 da 23 ba a ga wannan ƙarin a wurinsu ba.

Abin da nake so ki ɗauka daga wannan shi ne, shan nono da dare daban, kwana da nono a baki daban. Yaron da ya farka ya sha ya ƙoshi ya haɗiye ya koma barci, nonon ya wuce cikinsa. Wanda ya kwana yana tsotsa kaɗan-kaɗan daga isha'i har asuba, haƙoransa ba su samu hutun da yawu zai gyara su ba. Idan aka haɗa wannan da dauɗar kunu mai sukari ko biskit ɗin da ya ci da yamma ba a goge ba, to an haɗa wa ƙwayoyin cutar duk abin da suke buƙata. A aikina ban cika ganin yaron da nono kaɗai ya ɓata wa haƙora ba. Kusan kullum idan na bi diddigi sai in tarar akwai shayi mai sukari a fida, ko lemon roba, ko alawa, kuma ba a taɓa sa masa burushi a baki ba.

Don haka ban ba ki shawarar yaye ba. Ki sayi ƙaramin burushi mai laushi na yara, ki riƙa goge masa haƙora sau biyu a rana, da safe da kuma kafin barci, na daren ya fi muhimmanci. Ki duba jikin kwalin makilin, ki tabbata an rubuta yana da fuloraid aƙalla 1000 ppm, domin wasu na yara masu ɗanɗanon alawa ba su da shi sam. Abin da za ki sa a kan burushin kada ya wuce girman ƙwayar shinkafa har sai ya cika shekara 3, kuma bayan gogewa kada ki wanke masa baki da ruwa, ɗan abin da ya rage shi ne ke aiki. Ki zauna ki kwantar da kansa a cinyarki, ki ɗaga leɓen da yatsa, ki bi gindin haƙorin inda kika ga zanen. Zai yi kuka a kwanakin farko, wannan ba dalilin fasawa ba ne.

Maganar cewa haƙoran yarinta ne za su zube, da girmamawa ga Hajiya surukarki, tana da haɗari. Na gaba ba sa zubewa sai wajen shekara 6 zuwa 7, turamen ciki kuwa suna kaiwa shekara 10 zuwa 12. Yaron da haƙorinsa ya yi kogo yana da shekara 2 zai daɗe yana fama da ciwo, ya kasa tauna, ya kasa barci, kuma idan tushen ya yi ruwa yana iya taɓa haƙorin dindindin da ke kwance a ƙarƙashinsa yana jiran fitowa.

Hajiya Inna, tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ungozoma, Daura

Ɗiyata Maman Abba, Allah ya raya miki su. Likita ya yi bayani mai gamsarwa, kuma na ji daɗi da bai ce ki yaye ba, domin na sha ganin matan da aka tsorata da kalma ɗaya suka cire yaro daga nono cikin dare guda, daga baya suka dawo mana da shi a rame. Ina so in ƙara wani ɓangare da ya fi damuna a matsayina na wadda ta yi aiki da mata masu jego da yara har ta yi ritaya.

A ƙasar nan tamu ta Katsina da Daura, abin da ya fi kashe yaro ɗan shekara ɗaya zuwa biyu shi ne gudawa da zazzaɓin cizon sauro da ƙyanda da tamowa, kuma nono garkuwa ne daga mafi yawansu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba jariri nono zalla wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye, kuma ta ƙiyasta cewa tsakanin wata 12 da 24 nono yana iya samar wa yaro kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da jikinsa ke buƙata. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a gidan da nama da madara ba kullum ake ganinsu ba. Duk wanda ya shiga cibiyoyin kula da tamowa a jihar nan, ciki har da waɗanda ƙungiyar likitoci ta MSF ke tallafawa tun 2021, ya san yadda gadaje ke cika daga farkon damina zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, sauro kuma ya yi yawa. Akwai kuma ciwon noma mai cin fuskar yara, wanda akwai asibiti na musamman dominsa a Sakkwato, yana farawa ne daga gyambon dasashi a bakin yaron da yunwa da rashin tsaftar baki suka haɗu a kansa, yawanci tsakanin shekara 2 da 6, wato bayan yaye. Saboda haka lafiyar baki da ƙoshin ciki tare suke tafiya, kada a gyara ɗaya a ɓata ɗaya.

Maganar surukarki gaskiya ce a zamaninta, ni ma shaida ce. Muna yara a Daura sukari ɗan ƙwaya ne, sai da azumi ko an yi baƙo ake ganinsa. Kunun da ake ba yaro na gero ne da tsamiya ko kanwa, fura kuma da nono kawai ake dama ta. Babu shagon da ke ƙofar gida cike da biskit da alawa da lemon roba, babu fida, babu maganin tari da na zazzaɓi mai zaƙi da ake ɗura wa yaro tsakar dare. Nonon yanzu shi ne nonon da, abin da yaro ke ci tare da shi ne ya canza. Idan za ki yi wa Hajiya bayani ki bi ta wannan hanya cikin ladabi, ki nuna mata cewa ba ƙaryata ta ake yi ba, za ki ga ta zama mai taimaka miki wajen hana 'yan uwa miƙa masa alawa.

Batun raba shi da kwana da nono a baki kuwa, sai da haƙuri, amma yana yiwuwa ba tare da yaye ba. Ki tabbata ya ci abinci mai riƙe ciki da magariba, ki goge masa baki, ki ba shi nono a zaune kina farke, ba a kwance ba. Idan kika ji tsotson ya yi sanyi, haɓarsa ta daina motsi sosai, ki sa ƙaramin yatsanki a gefen bakinsa ki zare a hankali, ki ɗan danna ƙasan haɓarsa ya haɗiye abin da ya rage. Idan ya farka ki bubbuga bayansa ko ki goya shi ki zaga ɗaki, in ya ƙi ki mayar masa ki sake zarewa. A nan ne ake buƙatar maigida, domin yaro ya fi saurin haƙura a hannun wanda ba ya jin ƙanshin nono a jikinsa. Abin da nake roƙonki da shi shi ne kada ki maye gurbin nonon da fida ta shayi ko madara mai sukari, wannan ya fi nonon ɓarna nesa ba kusa ba. Ruwa mai tsabta a kofi ya wadatar. Kada kuma ki shafa maɗaci ko barkono a nono.

Ina kuma jan hankalin ƙananan mata masu jarirai da ke karanta wannan, kada wata ta ji zancen haƙori ta rage wa jaririn wata 2 ko wata 5 nonon dare. Sinadarin da ke sa jiki ya haɗa nono ya fi yawa da dare, wadda ta daina shayarwar dare da wuri nononta yana raguwa, al'adarta ta dawo da wuri, ta kuma iya yin rurrutsa. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna kashi 29 cikin 100 ne kawai na jariran Najeriya 'yan ƙasa da wata 6 ke samun nono zalla, don haka mu ƙarin shayarwa muke nema. Jaririn da bai fitar da haƙori ba babu abin da zai ruɓe a bakinsa.

Abu Hafsat, malamin Islamiyya, Sabuwar Unguwa

Assalamu alaikum. Allah ya saka wa Likita da Hajiya. Ina so in yi magana da 'yan uwana maza, domin na lura idan haƙorin yaro ya lalace uwa ake dubawa, alhali mafi yawan zaƙin da ke shiga bakinsa daga aljihun uba ya fito. Mu ne ke dawowa daga kasuwa ko masallaci da 'yar leda, yara su tarbe mu da oyoyo, mu miƙa biskit da alawar madara da lemo, sau da yawa bayan sallar isha'i, daidai lokacin da za su kwanta. Niyyar kyakkyawa ce, amma tsarabar tana iya zama kankana ko gwanda ko ayaba ko dafaffen ƙwai ko ɗan kifi, kuɗin kusan ɗaya ne, kuma a ba su tare da abinci.

Game da shekara 2 da maigidanki yake so, aya ta 233 a cikin Suratul Baƙara ta ambaci shekara biyu cikakku ga wanda yake son cika shayarwa, kuma a cikin ayar dai an bayyana cewa idan iyayen biyu suka so yaye bisa yarda da shawara a tsakaninsu babu laifi a kansu. Ke nan al'amari ne na mutum biyu, kuma uban da ya ce a cika shekara 2 ya kamata ya ɗauki rabonsa na wahalar, ya tashi da dare ya rarrashi yaro, ya sayi burushi da makilin, ya biya kuɗin ganin likita. Addinin da ya kwaɗaitar da mu yin asuwaki a kowace salla bai bar mana uzurin barin bakin yara da dauɗa ba.

Ina da tambaya ga Likita, shin asuwaki zai wadatar wa ƙaramin yaro a madadin burushi? Akwai gidaje da yawa a unguwarmu da shi suka saba.

Maman Abba, Ƙofar Marusa, Katsina

Na gode ƙwarai, Allah ya biya ku. Hankalina ya kwanta da jin cewa ba sai na yaye shi ba, kuma mun yi magana da maigida ya amince zai kai mu asibiti ranar Litinin in Allah ya yarda. Inna, zan gwada yadda kika ce, in ba shi a zaune.

Likita, akwai abin da har yanzu ya ɗaure mini kai. Idan na goge masa baki da dare sannan na ba shi nono ya yi barci, ashe ban ɓata gogewar ba? Kuma idan ya farka tsakar dare ya sha, sai na sake gogewa? Na biyu, kununsa ba ya sha sai da zaƙi, shin zan iya sa zuma ko dabino a madadin sukari? Na uku, kakarsa takan tauna masa nama ko ƙuli-ƙuli ta sa masa a baki, na ji wasu na cewa hakan ba kyau, ina so in san gaskiyarsa kafin in yi magana.

Likitan haƙori, Katsina

Na yarda da duk abin da Hajiya Inna ta faɗa, sai dai ina so in ƙara jaddada gefe guda, kada sauƙin da aka samu ya sa a yi sakaci. Yaron da ya riga ya nuna farin zane yana cikin waɗanda haɗarinsu ya fi yawa, don haka rage tsotson dare a wurinsa yana cikin magani, kuma gara a fara yanzu a hankali da a bari sai bayan ganin likita.

Ba ki ɓata gogewar ba. Amfanin burushi shi ne cire dauɗar da ƙwayoyin cutar ke zaune a ciki, da ragowar abincin rana, da kuma barin fuloraid a jikin haƙori. Nonon da ya sauka a kan haƙori mai tsabta ɓarnarsa kaɗan ce idan aka kwatanta da wanda ya sauka a kan dauɗa. Idan za ki iya juya tsarin, ya sha nono sannan a goge sannan a goya shi ya yi barci, ya fi kyau, kuma nan ne ya kamata ku dosa. Tsakar dare ba sai kin sake sa makilin ba, kada yawan da yake haɗiya ya wuce ƙima. Ki zare nonon idan ya gama, in yana farke ki ba shi kurɓin ruwa, ko ki share haƙoran gaba da tsumma mai tsabta da kika jiƙa. Haka za ki yi bayan duk wani maganin ruwa mai zaƙi da aka rubuta masa. Magungunan da ake sayarwa da sunan maganin fitar haƙori kuwa ki nisance su gaba ɗaya, yaro ba ya buƙatarsu, kuma a 2008 zuwa 2009 wani gurɓatacce daga cikinsu ya hallaka yara fiye da 80 a ƙasar nan.

Zuma ba ta fi sukari sauƙi ga haƙori ba, tana ma daɗewa a manne, kuma ba a ba yaron da bai cika shekara 1 ba zuma saboda wata ƙwayar cuta da ke iya shanye masa jiki. Dabino abinci ne mai amfani, amma garinsa a cikin kunu zaƙi ne mai ɗanko. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya ita ce kada a ƙara wa abincin yaro sukari kafin shekara 2. Tunda ya riga ya saba, ki riƙa rage cokalin kaɗan-kaɗan har harshensa ya manta, ki ƙara gyaɗa ko waken suya ko ki murƙushe ayaba a ciki. Yawan lokutan da zaƙi ke shiga baki ya fi yawan zaƙin kansa illa, saboda haka kofin kunu da aka shanye a zama ɗaya bai kai wanda yaro ke yawo da shi yana kurɓa har azahar illa ba.

Tauna wa yaro abinci, da lasar cokalinsa, da tsotse masa abin da ya faɗi ƙasa, duk hanyoyi ne da ƙwayoyin cutar ke tashi daga bakin babba zuwa nasa, kuma wanda ke da kogon haƙori ya fi ɗauke da su. A daka naman a turmi ko a yayyanka shi ƙanana, ƙuli-ƙulin kuma a mayar da shi gari. Ke ma idan kina da haƙorin da ke damunki ki nuna shi ranar da kuka zo.

Malam Abu Hafsat, asuwaki yana cire dauɗa sosai ga babban da ya iya amfani da shi, kuma gidan da babu burushi gara uwa ta tausasa kan ɗanyen asuwaki ta goge wa yaro da a bar bakin haka. Amma ba ya ɗauke da fuloraid gwargwadon da haƙorin da ya fara lalacewa ke buƙata, kuma kada a bar ƙaramin yaro yana yawo da shi a baki saboda faɗuwa. Ga ɗan Maman Abba burushi da makilin nake so, kuma ko da burushi ko da asuwaki, babba ne zai riƙa goge wa yaro har ya kai shekara 7 ko 8. Idan kun zo ranar Litinin ki taho da makilin ɗin da kuke amfani da shi a gida a duba rubutun da ke jikinsa, ki kuma taho da yayarsa a duba nata haƙoran.